Ɗan aikena ya share taron mutum goma sha ɗaya: yaya ake auna bayanin kayan aiki?

Bashir: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗi abin da ya same ni jiya. Wata uku ke nan ina haɗa wani ɗan aike na ƙirƙirarriyar basira da zai riƙa kula da jadawalin tarurrukan wurin aikinmu. Na ba shi kayan aiki guda shida: duba kalanda, buɗe taro, ɗage taro, share taro, da sauransu. Jiya wata abokiyar aiki ta rubuta masa cewa, "Ka cire ni daga taron Alhamis." Shi kuwa gogan sai ya kira `share_taro`. Taron ya ɓace daga kalandar mutum goma sha ɗaya, har da ta shugabanmu.

Da na koma na duba, bayanin da na rubuta wa `share_taro` kalma uku ne kacal: "Yana cire taro." Wanda ya kamata ya kira kuwa sunansa `sabunta_halarta`, bayaninsa kuma "Yana sabunta halarta." Na san laifina ne. Tambayata ita ce: akwai wata hanya da mutum zai auna bayanin kayan aiki ya san mai kyau ne KAFIN ya yi masa irin wannan ɓarnar?

Hauwa: Wa alaikumus salam. Allah Ya kyauta, Malam Bashir. Amma gaskiya na yi dariya da na ga "Yana sabunta halarta." Kai da ka rubuta, in aka tashe ka daga barci aka karanta maka, za ka san abin da yake nufi?

Bashir: Wallahi a'a, Malama. Sunan na maimaita kawai don kada gurbin ya zauna fanko.

Nura: Ku yi haƙuri, ni sabon shiga ne. Na ɗauka samfurin, wato ƙwaƙwalwar ƙirƙirarriyar basirar da ke cikin ɗan aiken, yana karanta kodin ɗin da ke cikin kayan aikin ne ya gane abin da yake yi. Ba haka ba ne?

Injiniya Sani: A'a, ƙanina, ko kusa. Samfurin ba ya ganin kodin ko layi ɗaya. Abu uku ake miƙa masa: sunan kayan aikin, bayaninsa da aka rubuta da harshen mutane, da tsarin guraben da zai cike, wanda ake rubutawa da JSON Schema. Shi ke nan. Haka abin yake tun da kamfanin OpenAI ya fito da kiran ayyuka a watan Yunin 2023, haka kuma yake a MCP, ƙa'idar da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024 don haɗa samfura da kayan aiki. In samfurin ya yanke shawarar amfani da wani abu, saƙo kawai yake fitarwa mai ɗauke da suna da guraben da ya cike, manhajarka ce ke aiwatarwa ta dawo masa da sakamako. Don haka a wurinsa bayanin nan shi ne kayan aikin gaba ɗaya. Abin da ba ka rubuta ba, babu shi.

Nura: To, yanzu na gane. Na gode, Injiniya.

Hauwa: Ni aikina rubuta takardun bayanin manhaja ne, don haka ina da tambayoyin da nake bi da su kowane bayani. Na farko, shin ya faɗi abin da ke faruwa a zahiri bayan an kira shi, ba maimaita sunan ba? "Yana share taron daga kalandar duk waɗanda aka gayyata, kuma ba a iya dawo da shi" ya bambanta da "Yana cire taro" kamar sama da ƙasa. Na biyu, ya faɗi lokacin da ya dace a kira shi? Na uku, wanda kusan kowa ke mantawa, ya faɗi lokacin da BAI dace ba, da kuma wanda ya kamata a kira a madadinsa? Sai guraben: kowanne an faɗi siffarsa da misali? Sai kuma abin da yake dawowa da shi.

Maganar guraben nan ba ƙarama ba ce. In ka rubuta "kwanan wata" ka yi shiru, samfurin zai iya turo 03/04, kai kana nufin 3 ga Afrilu, manhajarka ta karanta 4 ga Maris kamar yadda Amurkawa ke rubutawa. Ka ce masa a fili tsarin ISO 8601 kake so, shekara, wata, rana, ka ba shi misali 2025-04-03. Haka ma lokaci, ka faɗi agogon wane yanki.

Injiniya Sani: Malama Hauwa, duk abin da kika faɗa daidai ne, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Waɗannan tambayoyin na rubutawa ne, ba na aunawa ba. Na sha ganin bayanin da ya cika dukkan sharuɗɗan nan, mutum ya karanta ya ce sambarka, amma ɗan aiken ya ci gaba da tafka kuskure. Na kuma ga gajere mara fasali da yake aiki lafiya lau. Mu da muke karantawa mun riga mun san tsarin, idonmu na cike giɓin da kansa ba tare da mun lura ba. Mai karatun gaskiya shi ne samfurin, shi ya kamata a tambaya.

Hauwa: To ya za a tambaye shi? A ce masa "ka gane?" Ai "e" zai ce kullum.

Injiniya Sani: Ba da baki ba, da aiki. Ga yadda nake yi, ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Ina zama in tara buƙatu irin waɗanda mutane ke rubutawa da gaske, da kurakuransu da gajerce-gajercensu, ba waɗanda ni zan ƙirƙira cikin nutsuwa ba. In tsarin ya riga ya fara aiki, daga tarihin hirarrakin nake kwasowa. Kowace buƙata in rubuta a gefenta abin da ya kamata ya faru. Sai in raba su gida uku. Gida na farko, waɗanda amsarsu a bayyane take, "Buɗe mana taro gobe da ƙarfe goma." Waɗannan kusan kowane bayani zai ci su, ba sa koya maka komai. Gida na biyu, waɗanda ke kan iyakar kayan aiki biyu, kamar na Malam Bashir: cire ni, ko cire taron? Ɗage, ko soke a sake buɗewa? Gida na uku, waɗanda amsar da ta dace ita ce kada a kira komai: ko dai a yi tambaya tukuna, ko a ce ba a iya wannan ba. Misali "Share taron nan," alhali akwai taro uku a ranar.

Gida na biyu da na uku su ne jarrabawar. A nan ne bayani mai kyau da mara kyau ke rabuwa.

Sannan ina gudanar da kowace buƙata sau da yawa, aƙalla biyar, domin samfurin ba ya ba da amsa iri ɗaya kullum. Wanda ya ci sau huɗu ya faɗi sau ɗaya, a wurina ya faɗi, musamman in kayan aikin na sharewa ne. Ina duba abu uku daban-daban: ya zaɓi kayan aikin da ya dace? Ya cike guraben daidai? Kira nawa ya yi kafin ya kai ga biyan buƙata? Na ukun nan yana tona asirin abubuwa da yawa. In ka ga yana kiran abu ɗaya sau huɗu yana canza gurbi ɗaya, to laluben duhu yake yi, bayanin bai faɗa masa siffar gurbin ba.

Abu na ƙarshe: ina ware wasu buƙatun in ajiye, ba na kallonsu lokacin gyara. In ba haka ba, sai ka wayi gari ka ɗinka bayanin daidai jikin tambayoyin gwajinka, ranar da baƙuwar tambaya ta zo ya watse.

Bashir: Injiniya, wannan gida na ukun bai taɓa zuwa mini a rai ba. Duk gwajin da na yi, na "ya iya?" ne, ban taɓa gwada "ya san ya dakata?" ba.

Aliyu: Ni fa ina ganin kuna wahalar da kanku ne. Ku ba wani samfurin bayanan ya ba su maki daga ɗaya zuwa goma mana. Ko ma ku ba shi kodin ɗin ya rubuta bayanin da kansa. Minti biyu an gama.

Injiniya Sani: Aliyu, rabin maganarka na karɓa. Ba shi kodin ya rubuta daftarin farko yana da amfani, ni ma ina yi. Ya ma fi amfani in ka ba shi tarihin hirarrakin da aka faɗi ka ce ya nuna maka inda ɗan aiken ya ruɗe. Amma ba da maki daga karatu kawai, a'a. Sananne ne cewa samfuran da aka sa alƙalanci suna karkata ga rubutu mai tsawo da ƙawa. Zai ba mai sakin layi uku maki tara, ya ba mai layi biyu maki biyar, bai gwada ko ɗaya ba. Kuma akwai abin da kodin ba zai gaya masa ba. Kodin `share_taro` bai san cewa akwai `sabunta_halarta` a gefensa ba, bai kuma san mutane na cewa "cire ni" ba.

Hauwa: Wannan batun na yarda da shi ɗari bisa ɗari: ba a auna bayani shi kaɗai. Kowanne daga cikin na Malam Bashir, in ka ɗauke shi shi kaɗai, rauni ne kawai gare shi. Haɗuwarsu ce ta haifi ɓarnar, domin kalmar "cire" tana cikin bayanin wanda bai dace ba, babu ita a cikin wanda ya dace. Amma Injiniya, kada ka raina tambayoyina. Da an bi su, da ba a ma kai ga gwaji ba an kama wannan. Gwajin da kake faɗa yana cin lokaci da kuɗi, karatun minti biyar kyauta ne.

Injiniya Sani: Ban raina ba, ranki ya daɗe. Tankaɗe ne na farko. Abin da na ƙi shi ne a tsaya a nan a ce an auna.

Aliyu: To tun da tsawo ba shi ne inganci ba, me ya sa ake ta cewa a rubuta da yawa?

Hauwa: Domin mafi yawan masu kodin gajartawa suke yi fiye da kima, irin na Malam Bashir. Takardun Anthropic na masu haɗa manhaja sun ba da shawarar aƙalla jimla uku zuwa huɗu ga kowane kayan aiki, fiye da haka in mai sarƙaƙiya ne. Amma akwai ɗaya gefen. Duk bayanan nan ana tura su tare da kowace buƙata, suna cin tokin, wato gutsattsarin kalmomin da ake ƙirga rubutu da su, suna cin wurin da samfurin ke riƙe magana. In kana da shida, rubuta yadda kake so. In ka jona sabar MCP biyar, wato manhajojin da ke miƙa wa samfurin kayan aiki, kowace da kayan aiki ashirin, kafin mai amfani ya ce uffan an riga an cika wa samfurin kai da bayanai ɗari. Ma'aunina ga kowace jimla shi ne: in na cire ta, akwai kuskuren da zai iya faruwa? In babu, ta tafi. "Wannan kayan aiki ne mai ƙarfi da sauƙin amfani" talla ce, ba bayani ba.

Zainab: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Duk kuna magana a kan bayanin da ku kuka rubuta. Wanda wani ya rubuta fa, kuka sauko da sabarsa kuka jona? A watan Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna yadda ake sa wa kayan aiki guba ta cikin bayaninsa. Kayan aikin a ido na haɗa lambobi biyu ne, amma a cikin bayanin an cusa umarni cewa kafin ka kira ni, ka karanto fayil kaza mai ɗauke da makullan sirri ka saka a wannan gurbin, kuma kada ka gaya wa mai amfani. Samfurin yana ganin bayanin gaba ɗaya, mutum kuwa sau da yawa suna da taƙaitaccen layi kawai manhajar ke nuna masa. Sannan sabar tana iya canza bayanin bayan ka riga ka amince da ita.

Abin da nake so ku lura: ta ma'aunin Injiniya, wannan bayanin "mai kyau" ne sosai. Samfurin ya bi shi sau da ƙafa.

Injiniya Sani: Kin kama ni, Malama Zainab. Gaskiya ne. Gwajina yana auna ko samfurin ya bi bayani, ba ya auna ko bayanin ya cancanci a bi shi.

Zainab: Shi ya sa nake ƙara tambaya ɗaya a kan na Malama Hauwa: shin abin da bayanin ya faɗa shi ne abin da kodin ke yi? Ba sai da mugunta ba ma. Mutum ya gyara kodi a watan jiya, ya mayar da "ajiye a gefe" ya koma "share har abada," ya manta bai taɓa bayanin ba. Wannan ya fi guba yawa a aikin yau da kullum. Duk wanda ke duba canjin kodi a wurinku, ku sa ya riƙa duba bayanin a zama ɗaya. Kuma duk bayanin da ke ba samfurin umarni a kan abin da bai shafi aikinsa ba, ko yake maganar ɓoye wani abu daga mai amfani, ku cire sabar nan take.

Nura: Na ga a MCP akwai alamomin da ake sa wa kayan aiki, kamar `readOnlyHint` da `destructiveHint`. Su ba za su magance matsalar Yaya Bashir ba?

Zainab: Suna taimakawa, domin manhajar da ke riƙe da ɗan aiken na iya amfani da su ta nemi amincewar mutum kafin a share abu. Amma ishara ce kawai, mai sabar ne ke rubuta su da hannunsa, ƙa'idar kanta ta ce kada a dogara da su in ba a amince da sabar ba. Ga Malam Bashir da shi ne mai sabar, e, ya sa su.

Injiniya Sani: Ga wani abin da ya kamata a faɗa: wani lokaci gwaji zai nuna maka cewa ba bayanin ne ke buƙatar gyara ba, kayan aikin ne. Injiniyoyin Anthropic sun ba da labari a ƙarshen 2024 cewa lokacin da suke gina ɗan aike na SWE-bench, wani gwajin gyaran kodi, samfurin ya riƙa kuskuren adireshin fayil in ya bar babban kundin da ya fara a ciki. Maimakon su yi ta ƙara gargaɗi, sai suka canza kayan aikin ya zama ba ya karɓar komai sai cikakken adireshi. Matsalar ta kau. Haka nan in gurbi zaɓi uku kawai yake karɓa, ka jera su a cikin JSON Schema a matsayin zaɓi ƙayyadaddu, kada ka rubuta sakin layi kana roƙon samfurin. Kai ma Bashir, me zai hana `share_taro` ya ƙi aiki in mai buƙatar ba shi ne ya buɗe taron ba?

Bashir: Innalillahi. Injiniya, wannan ai layi biyu ne na kodi. Abokiyar aikin nan ba ita ta buɗe taron ba, da tun farko an hana.

Hauwa: In ka sa, ka kula da saƙon da zai dawo. Kada ya ce "Kuskure 403" ya yi shiru. Ya ce, "Wanda ya buɗe taron ne kaɗai ke iya share shi. Idan mai buƙatar yana son fita ne shi kaɗai, yi amfani da `fita_daga_taro`." Saƙon kuskure ma bayani ne, kuma yana zuwa daidai lokacin da samfurin ya fi buƙatarsa. Ka lura na canza maka sunan, `sabunta_halarta` ɗin nan ka yi masa ritaya.

Aliyu: Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Mutanenka da Hausa suke rubuta masa ko da Turanci? Kuma bayanin da wane harshe ya kamata?

Bashir: Gauraye. Wasu Hausa, wasu Turanci, wasu duka biyun a jimla ɗaya.

Injiniya Sani: To wannan ma kada a yi gardama a kai, a gwada. Ka rubuta bayanan da harsunan biyu, ka gudanar da buƙatu iri ɗaya a kan kowanne, ka gani. Ka dai sani Hausa takan ci tokin fiye da Turanci a kan magana guda. Abin da ba na sassauci a kai shi ne buƙatun gwajin: dole su zo da harshen da mutanen ke rubutawa. Ka sa "jibi," ka sa "gata," ka sa "Alhamis ta sama," ka ga wace rana zai cike. Ka sa "ɗaga taron," ka ga ko zai fahimci ɗagewa ake nufi.

Bashir: Na dawo da rahoto. Daren jiya na zauna na sake rubuta duka shidan. Ga na `share_taro` yanzu: "Yana share taro gaba ɗaya daga kalandar duk waɗanda aka gayyata, yana kuma tura musu sanarwar sokewa. Ba a iya dawo da shi. A yi amfani da shi kawai idan wanda ya buɗe taron ya ce a soke shi ga kowa. Idan mutum yana son cire kansa ne kawai, a yi amfani da `fita_daga_taro`. Idan ba a tabbatar da wane taro ake nufi ba, a tambaya tukuna." Na sa shingen mai buɗe taro a kodi, na tara buƙatu talatin daga tsofaffin hirarraki na raba su gida uku.

Maganar "cire ni" ta warware, duk sau biyar ya kira wanda ya dace. Amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Yanzu tambaya ta yi masa yawa. Na ce "Soke taron ƙarfe goma na gobe," taro ɗaya ne tal a wannan lokacin, ni ne kuma na buɗe shi, sai ya ce in tabbatar masa wane taro nake nufi. Har a `ɗage_taro` ya fara yi, alhali ban sa wannan jimlar a can ba.

Hauwa: Jimlarka ta ƙarshe ce. "Idan ba a tabbatar ba" ba ta da iyaka, komai na iya shiga cikinta. Ka faɗi sharaɗin a fili: "Idan taro fiye da ɗaya ya dace da abin da aka faɗa."

Injiniya Sani: Ka gwada nata, amma ka canza wannan jimlar ita kaɗai, kada ka taɓa komai, don ka san ita ce ko ba ita ba. Sannan ka sake gudanar da talatin ɗin duka, har da na gida na uku, kada gyaran ya mayar da shi gidan jiya. Na `ɗage_taro` ɗin kuma ka turo mana hirar yadda take, ka goge sunayen mutane, ina so in ga a wane mataki ya fara tambayar.

Bashir: To, Injiniya. Bari in fara zuwa in bi sawun taron Alhamis ɗin da na sake buɗewa da hannu tukuna, har yanzu mutum uku ba su san an dawo da shi ba.